Kwikwiyona ba ya barin komai, har leda yake haɗiyewa

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune ne a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Na sayo kwikwiyo don gadin gida, yanzu watansa huɗu. Ba abin da ya bari: silifas ɗin yara, leda, tsumma, wayar caja, har tsakuwa na gan shi yana gurgura. Shekaranjiya na ga guntun baƙar leda a cikin bayan gidansa. Na dake shi har na gaji, abin sai gaba yake yi. Wani maƙwabcina ya ce yunwa ce, wani ya ce in ɗura masa manja ya wanke cikin, wani kuma ya tsorata ni, wai haka haukan kare ke farawa. Yana cin abinci, yana wasansa lafiya lau. Me ke damunsa, kuma me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayar taka abu biyu ta ƙunsa, kuma sai an raba su kafin a gane bakin zaren. Akwai tauna, akwai haɗiya. Tauna a wannan shekarun ba ciwo ba ce, kuma ba za ka iya hana ta ba ko da sanda nawa ka karya. Haɗiya ita ce ke kai kwikwiyo teburin tiyata, wani lokaci ma ta kai shi rami. Aikinka ka bar masa ta farko, ka toshe hanyar ta biyu.

Kwikwiyo yana fitar da haƙoran nono guda 28 tun yana da mako uku zuwa shida. Idan ya kai wata uku da rabi zuwa huɗu sai su fara zuba, na girma guda 42 su riƙa turo su daga ƙasa, kuma ba a gama wannan canji sai wajen wata shida zuwa bakwai. Naka yana tsakiyar abin ke nan. Dasashinsa na ƙaiƙayi, yana masa zogi, ba abin da ke ba shi sauƙi sai ya samu abin dannawa. In ka ɗaga leɓensa za ka iya ganin giɓi, ko ɗan jini a jikin abin da ya tauna, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Sannan kare ba shi da hannun da zai ɗauki abu ya jujjuya, da baki yake sanin duniya. Silifas ɗin yara kuwa ya haɗa komai: ga laushi, ga ƙamshin mutanen gida. Yawancinsu suna lafawa bayan wata bakwai ko takwas, amma manyan karnukan waje da ake sayowa don gadi sukan kai shekara ɗaya da rabi ba su daina ɓarna ba.

Batun haukan kare ba zan yi watsi da shi ba, don maƙwabcin naka bai faɗi ƙarya gaba ɗaya ba. Mahaukacin kare yakan ciji itace, ya ci ƙasa da duwatsu da abin da ba a ci. Amma daga ranar da alamun cutar suka bayyana, da wuya kare ya wuce kwana goma a raye, kuma halinsa ke sauyawa gaba ɗaya: ya daina sanin mutanen gida, ko ya yi laƙwas, muryarsa ta canza, yawu ya yi ta zuba, ya kasa haɗiya. Kwikwiyon da ya yi makonni yana ɓarna, yana cin abincinsa, yana tarbarka da wutsiya, ba wannan ne ciwonsa ba. Sai dai ana yin allurar rigakafin haukan kare tun daga wata uku, saboda haka in ba a yi masa ba, lokaci ya riga ya yi.

Wanda ya ce yunwa ce shi ma yana da ɗan gaskiya. A gidajenmu abincin kare shi ne ragowar tuwo da ƙanzo, sau ɗaya a yini, in an tuna. Babban kare zai iya lallaɓawa a haka, kwikwiyo mai wata huɗu kuwa yana buƙatar ci sau uku, kuma a samu abin gina jiki a ciki: dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, nama, ko abincin kwiyakwiyai na buhu in da hali. Tsakuwar da ka ambata ita ta fi jan hankalina. Cin ƙasa da duwatsu yakan tafi tare da ƙarancin jini, abin da ke kawo shi a nan kuwa tsutsar ciki ce da kaska. Kwiyakwiyai da yawa da tsutsa ake haifarsu, tun a ciki suke ɗauka daga uwa. Shi ya sa ake ba su maganinta duk mako biyu har su kai wata uku, daga nan duk wata har wata shida. Duba dasashinsa da rana. Ya kamata ka gan shi jaja-jaja. In ya yi fari fat, ko cikinsa ya yi tulu alhali haƙarƙari a waje, kai shi a duba jini da bayan gida.

Sai dalili na ƙarshe, wanda na fi cin karo da shi: zaman kaɗaici. A ɗaure kwikwiyo da sarƙa a bayan gida tun safe har dare, ba mai kula shi sai almajirin da ke miƙa masa ruwa. Abin da sarƙar ta kai gare shi, shi ne abin wasansa, ko da ledar fiya wata ce da iska ta kwaso.

Abin da duka ke koya masa

Ka ce ka dake shi har ka gaji, abin yana ƙaruwa. Ban yi mamaki ba. Ka duba yadda abin ke faruwa: ya ɗauki tsumma, yara su yi ihu, a bi shi da gudu, a kama shi, a ɓanɓare bakinsa, a ƙwace, a zane shi. Abin da ya fahimta daga wannan shi ne duk abin da ke bakinsa yana da daraja, kuma in mutum ya nufo shi za a raba shi da abin. To sai ya koyi dabara: da ya hango ka, sai ya haɗiye. Da yawa daga cikin karnukan da aka kawo mini da abu a ciki, a gaban mai su suka haɗiye shi, ana tsakar bin su. Dukan da aka yi bayan awa guda, lokacin da aka tarar da takalmi a yayyage, shi ma aikin banza ne, don ba ya haɗa dukan da takalmin. Kai kawai yake koyon tsoro, kuma karen da ya tashi da tsoron mutanen gida shi ne gobe ke cizon yaron gida.

Musaya ita ce hanya. Ka riƙe 'yar tsokar nama ko guntun ƙwai, ka nuna masa, ka ce "saki". Dole ya buɗe baki kafin ya karɓa. Ka ɗauke abin, ka ba shi ladansa, sannan ka miƙa masa abin da ka yarda ya tauna. A fara da abubuwan da ba su dame shi ba, a riƙa yi kullum na 'yan mintoci, kuma kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya. Kwikwiyo mai wata huɗu yana saurin ɗauka.

Abin taunar ya zama ya fi ƙarfin bakinsa, wato wanda ba zai iya cusa shi gaba ɗaya ba. Robar tauna mai tauri da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi ta fi komai. Babban karas mai sanyi yana kwantar da dasashi, kuma in ya cinye ba komai. Kada ka ba shi tsohon takalmi ko tsohuwar safa, ba zai bambance su da sababbi ba. Busasshiyar ganda ana bayarwa, amma a gabanka, kuma ka karɓe in ta yi laushi ta ƙanƙance, don takan kumbura a ciki. Ƙashi kuwa ra'ayina a kansa mai tsauri ne. Dafaffe ko gasasshe, musamman na kaza da na haƙarƙarin rago, tsagewa yake yi ya zama tsini, ban yarda a bayar ba sam. Ɗanyen ƙashin sa babba wasu na bayarwa, amma yana fasa haƙori, ni ba na ba da shawararsa ga mai canjin haƙora.

Sauran aikin na tsintsiya ne. Ka tsuguna a tsakar gida ka duba abin da ke ƙasa da gwiwarka. Kwandon shara ya samu murfi ko ya hau sama, musamman in ana zuba famfas da audugar mata, don suna shan ruwa su kumbura a hanji. Wayoyin wuta a ɗage su. Wayar da ya saba gurgura lokacin da aka ɗauke wuta, rana ɗaya za a dawo da wutar tana bakinsa, ta ƙone masa harshe, ta iya tara masa ruwa a huhu. In ba mai sa ido, a sa shi a keɓaɓɓen wuri mai inuwa da ruwa, wanda aka share tas. Safe da yamma a sake shi ya yi gudu ya gaji. Wasu kan ɗaure bakin kare da tsumma ko su sa masa matsattsen takunkumi. A zafin Katsina na watan Afrilu wannan kisa ne, don da haki kare ke fitar da zafin jikinsa. In takunkumi ya zama dole, a nemi mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki a ciki.

In ya riga ya haɗiye

Tambaya biyu nake fara yi wa duk wanda ya kira ni: me ya haɗiye, kuma yaushe? Cikin awa biyu na farko abin yana nan a tumbi, kuma likita na iya yi masa allurar da za ta sa ya amayar. Bayan nan ya fara gangarawa hanji, amai ba zai dawo da shi ba. Abin da zai wuce yakan fito tsakanin awa 10 zuwa 24, wani lokaci ya ɗan zarce. Amma akwai abin da kan zauna a tumbi makonni, kare ya riƙa amai jefi-jefi, har ranar da abin ya sauka ya toshe hanya.

Ba komai ake sa a amayar ba. Abu mai tsini, kamar tsinken tsire, allura, ƙusa ko tsagin ƙashi, ɓarnar da zai yi a hanyar dawowa ta fi ta tafiya. Batir, musamman ƙaramin nan na agogo da na fitilar wasan yara, yana ƙone maƙogwaro cikin 'yan awoyi. Kananzir da fetur in aka amayar huhu suke faɗawa. Waɗannan duka asibiti kai tsaye.

Manja dai a bar shi a miya. Ba ya narkar da leda, ba ya tura ƙwallon da ya maƙale, kuma in aka danne kwikwiyo ana ɗura masa yana fizge-fizge, sai ya shaƙe, man ya shiga huhu, a samu ciwo na biyu da ya fi na farko wuyar magani. Ruwan gishiri da wasu ke ɗurawa don ya yi amai ya fi manja haɗari, gishirin kansa guba ne in ya yi yawa, yana kawo jijjiga da mutuwa. Haka ma maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen da dikulofenak suna huda tumbin kare su lalata ƙoda, farasitamol kuma yana taɓa hanta in ba likita ne ya auna ba.

Mu nan mun saba da leda a cikin dabba. Duk mahaucin da ke aiki a mayankar Katsina ya sha ciro dunƙulen leda daga tumbin sa ko na tunkiya, dabbar ta yi watanni tana yawo da ita tana ramewa a hankali. Wannan ya sa mutane ke ɗaukar abin da sauƙi. Amma tumbin mai tuƙa babban rumbu ne, hanjin kwikwiyo kuwa bai fi kaurin yatsa ba. In ya toshe, ruwa da iska su taru a baya, amai ya tsotse ruwan jikinsa, jini ya daina kaiwa bangon hanjin da abin ya danne, wurin ya mutu ya fashe, ƙazanta ta malale cikin ciki. Wannan kan faru cikin kwana biyu zuwa uku.

Abubuwan da ake kawo mana suna bin lokacin shekara. Da bazara ƙwallon mangwaro ne, da kaka totuwar masara, bayan Babbar Sallah kuma ƙasusuwa da igiyar da aka ɗaure nama da ita. Totuwa ba ta narkewa, kuma daidai take da faɗin hanji. Ƙwallon goruba shi ma haka. Amma wanda na fi tsoro shi ne abu mai tsawo: zare, igiya, zaren buhu, tsumman da ya warware, ledar da ta miƙe. Bakinsa ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin harshe ko a mafitar tumbi, sauran ya bi hanji. Hanjin na ta ƙoƙarin tura shi, ya kasa, sai ya tattare a jikinsa yadda wando ke tattarewa a jikin zariya, zaren kuma ya riƙa yanka shi ta ciki a wurare da yawa. Saboda haka in ka ga zare ko leda ta leƙo ta duburarsa, kada ka ja. In ta yi tsawo ka datse abin da ke waje da almakashi, ka kai shi.

Alamun da za su sa ka tashi ko da tsakar dare: amai a kai a kai, musamman in ko ruwa ya sha sai ya dawo, ƙin abinci, kwanciya ba kuzari, kuka ko ƙanƙame ciki in an taɓa, yunƙurin bayan gida ba abin da ke fita, baƙin bayan gida ko mai jini. Wani yakan miƙe ƙafafun gaba a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama ya tsaya a haka, ciwon ciki ne ke sa shi.

Waɗannan alamun suna kama da na fabo, cutar nan mai amai da zawon jini da ke kashe kwiyakwiyan da ba a yi wa rigakafi ba, kuma a nan ake yawan ɓata lokaci. An taɓa kawo mini wani da aka yi kwanaki ana yi masa allurai a gida da sunan fabo. Da na lalubi cikin sai na ji abu mai tauri yana motsi a ƙarƙashin yatsuna. Ƙwallon mangwaro ne, kuma sai da aka yanke wani yanki na hanjin. Ya rayu, amma da an kawo shi a rana ta farko, tsaga ɗaya ta isa.

Wani gargaɗin da ya shafi lafiyarka kai kanka. Guntun kara ko ƙashi yakan gilma a saman baki tsakanin haƙora, kare ya yi ta dalalar da yawu yana kai ƙafa baki. Haukan kare nau'in da ke shanye muƙamuƙi shi ma haka yake bayyana, kuma mutane sun kamu ta hanyar cusa hannu suna neman ƙashin da babu shi. Karen da ba a yi wa rigakafi ba, in ya fara zubar da yawu bakinsa a sake, kada kowa ya sa masa hannu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Akwai kuma abin da ba ya toshe hanji amma yana kashewa. Goro yana ɗauke da sinadaran da ke cikin cakulan da kofi, waɗanda jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, ga shi kuwa ba gidan da ba a ajiye shi. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jini, abin lura ga mai zuba wa kare ragowar miya kullum. Fiya-fiya kan nuna kanta nan take da yawu da karkarwa. Wani nau'in maganin ɓera kuwa sai bayan kwana uku zuwa biyar jini zai fara tsiyaya ta ciki, lokacin an manta ma ya ci. Kowanne ne, a tafi da kwalbar ko ledar maganin, don da ita likita zai san makarin da zai bayar.

Abin da za a yi a asibiti

Za a laluba cikin, a duba ƙarƙashin harshe, a auna zafin jiki, a ga ko ruwan jikinsa ya ƙare. Hoton ciki yana nuna ƙarfe, dutse da ƙashi sarai, amma leda, tsumma da roba sau da yawa ba sa fitowa, sai dai a karanta yadda iska ta taru a hanji, ko a yi sikanin, ko a ba shi wani farin ruwa a sake ɗaukar hoton a ga inda ya tsaya. In abin ƙarami ne mai santsi kuma kare na cikin hayyacinsa, mukan ce a koma gida, a ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, a riƙa tona bayan gidansa da tsinke ana dubawa. In ya toshe, ƙarin ruwa da tiyata ne, babu wani maganin sha da zai maye gurbinsu. Ba na ɓoye wa mutane cewa kuɗin aikin kan fi kuɗin da aka sayi kwikwiyon, kuma kowace rana da aka ƙara, kuɗin na hawa, damar tsira na raguwa. Mu a wannan yanki aikinmu ya fi yawa a kan shanu da tumaki da kaji, ba kowane wurin duba dabbobi ke da na'urar hoto ko kayan tiyatar kare ba. Ka bincika tun yanzu wanda ke yi, ka ajiye lambarsa. Aikin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Game da naka, ban gan shi ba, ban taɓa cikinsa ba, don haka ba zan ce maka babu sauran leda a ciki ba. Fitowar guntu ɗaya ba ta nuna duka ta fita. Amma tun da kwana biyu sun wuce yana ci, yana wasa, ba amai, alamar mai kyau ce. Ka ci gaba da duba bayan gidansa har mako guda. Cikin makon nan ka kai shi a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, a cire kaska, a duba katin rigakafinsa, na fabo da na haukan kare. In ya kai wata bakwai a sake buɗe bakin, don wani lokaci fiƙar nono takan ƙi faɗuwa ta tsaya kusa da sabuwa, abinci ya riƙa maƙalewa tsakaninsu, sai an cire ta.